Layin Ranar Asabar

Ranar Talata da hantsi Brada ya rasu, yana zaune a kan kujerarsa ta ɗakin gyara, da filaya a hannu da wani carbi a cinya wanda bai gama haɗawa ba. Katikis, mai koyar da addini a cocin, shi ne ya fara ganinsa. Ya yi sallama sau biyu, ya ɗauka gyangyaɗi ne irin na tsofaffi, har ya tsokane shi cewa yau aiki ya kayar da mai aiki, sannan ya dafa kafaɗarsa ya ji jikin ya saki. Kafin rana ta take harabar coci ta cika maƙil. Masu shago sun rufe shago, mata sun baro tukunya a wuta, ƙartin maza suna sharɓar kuka ba kunya.

Ga wanda bai san sha'anin cocin Katolika ba, Brada ba Fada ba ne. Ya yi wa Allah alkawari ba zai yi aure ba, ba zai tara abin duniya ba, zai yi biyayya har ranar mutuwa, amma ba a naɗa shi firist ba. Ba ya yin Mas, wato babbar sujadar coci, ba ya ɗaura aure, ba shi da ikon ɗaga hannu ya ce wa mai zunubi an gafarta maka. Aikinsa shekara talatin da huɗu a wannan coci gyara ne kawai: famfo, ƙyaure, ƙafar benci, igiyar ƙararrawa, da carbin jama'a idan ya tsinke. Ɗan gajeren tsoho ne mai sanƙo, tabarau a ƙarshen hanci, rigarsa kullum da tabon man inji a aljihu.

Fada kuwa, firist ɗin cocin, shekararsa shida da zuwa. Mutum ne mai karatu, wa'azinsa a rubuce yake, ba ya makara, ba a taɓa kama shi da abin kunya ba. Ya yi kuka ranar Talatar nan, kuma kukan gaskiya ne, kada wani ya ce ba haka ba. Shekara shida suna cin abinci a teburi ɗaya, ko ba komai sabo ya isa ya sa mutum hawaye. Sai dai a ƙarƙashin kukan akwai wani abu da ya daɗe yana cinsa, kuma ba shi da wani suna sai kishi.

Ranar Asabar ce tushen abin. Duk Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida Fada zai rataya gyalen shunayya a wuya, ya shiga ɗakin tuba da ke ƙarshen coci, ɗan akwatin katako mai labule da raga a tsakani, ya zauna jiran masu zuwa faɗin zunubi. Mutum uku ne ba sa fashi, dukansu tsofaffi, ɗaya ma ba ta ji sosai, zunubinta kuma kullum ɗaya ne, barci ya sace ta tana tsakiyar addu'a. Kafin huɗu da kwata ya gama da su. Daga nan sai zaman shiru da ƙaiƙayin gumi a baya. Wanda ya kafa akwatin nan kuwa, Allah ya yafe masa, ya kafa shi ne dab da taga, ta yadda in Fada ya ɗan ja labule zai hango ƙofar ɗakin gyara a ɗaya ɓangaren haraba. A can layi yake. Dogon benci cike, wasu a tsaye, wasu a kan bulo, kowa da tsinkakken carbi a hannu.

Fada ya yi nazarin yadda tsohon ke aiki fiye da yadda ya yi nazarin wasu littattafansa. Brada ba ya kallon fuskar mai carbi. Zai karɓa, ya kara a haske, ya zaro 'yar waya daga gwangwani, ya sunkuyar da kai. Mai carbi zai zauna a kan akwatin ƙusa, ya fara da maganar zafi ko tsadar kaya, can sai ka ga kafaɗa ta sauka, murya ta yi ƙasa. Abin da Brada ke cewa bai wuce "uhm" da "to, sai kuma me?" ba. Gyaran da yaro zai yi cikin minti biyar, shi sai ya ja shi daidai tsawon maganar. Fada ya taɓa duba agogo: zobe ɗaya tak ya ɓalle a carbin wani mai walda, aka yi awa ɗaya da kwata, mutumin ya fito yana share ido da bayan hannu yana dariya.

Wannan abu ya tsaya wa Fada a rai. Shekara tara ya yi yana karatun zama firist. Bishop ya ɗora masa hannu a ka, an shafa masa mai a tafin hannu, an ba shi ikon kwancewa da ɗaurewa, amma ga mai filaya ya kwashe masa jama'a. Shi ana gaishe shi da rusunawa, ana ɗari-ɗari da shi, ana kawo masa takardar da za a sa wa hannu. Abin da ke cikin ciki kuwa can ake kaiwa. Bai taɓa tambayar Brada me ake faɗa masa ba, balle me yake ce musu, girman kai bai bar shi ba. Iyakarsa in sun zauna cin abincin yamma ya ce da murmushin da bai kai ido ba, lallai kasuwa ta ci yau. Brada ya yi dariya ya ce wayar zamani ce ba ta da ƙwari, ya ci gaba da tauna.

Da aka binne tsohon, wani tunani ya zo wa Fada wanda shi kansa ya ji kunyarsa: yanzu dai ba su da wurin zuwa sai nan. Asabar ta farko ya shiga akwati tun huɗu saura. Tsofaffinsa uku suka zo suka tafi. Ya ja labule. Bencin can a cike yake kamar kullum, gaban ƙofar da aka garƙame da kwaɗo, mutane zaune shiru da carbi a hannu, ba mai gyara, ba mai cewa uhm. Sun gwammace su zauna gaban rufaffen ɗakin matacce da su tako taku arba'in su zo wurin mai rai. Fada ya saki labulen.

Bai haƙura ba. Ya ɗauko filayar Brada da gwangwanin waya ya kai ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya tsinka nasa carbin ya shiga koyo. Kwana uku yana fama, ya matse babban yatsansa har jini ya taru a ƙarƙashin farce, amma ya iya lanƙwasa zobe, ko da yake nasa yakan fito a karkace. Ranar Lahadi bayan sanarwa ya ce, kamar abin bai dame shi ba, duk wanda carbinsa ya tsinke ya kawo ofis, za a gyara. To, ikon Allah, tun daga ranar carbi ya daina tsinkewa a cocin nan. Wayar zamani ta yi ƙwari dare ɗaya.

Katikis ne ya ƙarasa shi. Shi dama bakinsa ba linzami, kuma bai san yana yanka ba sai ya ga jini. Suna shirya Mas ɗin tunawa da za a yi idan Brada ya cika wata guda da rasuwa, sai ya hango filayar a kan teburin Fada, ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. Ya ce ai Fada bai san dawan garin ba, da gangan ake tsinkawa. Shi kansa ya taɓa sa haƙori ya ɓalle nasa lokacin da ɗansa ya bar gida. Shugabar matan coci kuwa, an gyara nata har babu sauran waya ɗaya ta asali a jikinsa. Ya ce kuma Brada ya sani sarai, domin akwai bambanci tsakanin zoben da ya gaji da wanda aka finciko, amma bai taɓa nuna wa kowa ya gane ba. Fada ya yi dariya shi ma, don ba yadda zai yi. Da Katikis ya fita ya jefa filayar cikin aljihun tebur ya tura da gwiwa.

Ranar Lahadin tunawa cocin bai ɗauki jama'a ba, sai da aka ɗaura lasifika a waje. An kafa babban hoton Brada a gaban bagadi, teburin da ake Mas a kai, an kewaye shi da kyandir da furanni, shugabar mata ta aiko aka karɓi filayar daga ofis aka ɗora a kan farin ƙyalle kamar wani abin tsarki. Fada ya yi wa'azi shafi huɗu, kuma gaskiya wa'azi ne mai kyau, ya kwana biyu yana goge shi. Jama'a suka saurara da ladabi, irin sauraron wanda ke jiran mota. Sai bayan an karɓi Jibi, gurasar tsarki ta ƙarshen Mas, da aka ce duk mai abin faɗa game da marigayi ya fito, sannan cocin ya farka.

Mai walda ya fito ya ce saura ƙiris ya saki matarsa, carbi ne ya hana. Wata malamar asibiti ta fito ta kasa magana, ta ɗaga carbinta sama kawai ta koma. Shugabar mata ta karɓi makirfo, ta gyara ɗauri, ta ce yau sun zama marayu, uban da suke da shi ya tafi, ba su da sauran wanda za su kai wa kukansu. Taku uku ne tsakaninta da kujerar Fada. Yana zaune cikin kayan Mas, hannuwa a kan gwiwa, shi da kowa ke kira Fada, wato uba, kuma ko mutum ɗaya bai waiwayo ya dube shi don ya ga ko maganar ta taɓa shi ba. Da sun waiwayo ma da ya ji sauƙi. Rashin waiwayen ya nuna masa ba gugar zana ba ce, mantawa aka yi yana wurin.

Ta ƙarshe ita ce matar direba. 'Yar siririyar dattijuwa ce, mai share coci ranar Juma'a, ba a cika jin muryarta ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma kowa ya san irin rayuwar da ya yi, ba sai an tona ba. Ta riƙe makirfo da hannu biyu ta ce shekara ashirin maigidanta bai durƙusa a ɗakin tuba ba. Wata Talata ta aike shi da carbinta wurin Brada, don ita ƙafa ta hana ta, ya tafi yana ƙunƙuni. Bai dawo ba sai bayan awa biyu, ido jajir, ya zauna a bakin gado ya ce mata ya sauke kayan da ya fi na motarsa nauyi. Ranar Alhamis ya faɗi a tasha yana ɗaure kaya, ko asibiti ba a kai ba. Ta ce saboda awa biyun nan take iya barci har yau.

Coci ya ɗauki kuka. Wani daga baya ya ce Brada ya wanke shi tas. Wasu suka amsa da amin, aka fara tafi, tafin ya bazu har waje wurin masu lasifika.

Fada bai san lokacin da ya miƙe ba. Daga baya zai gaya wa kansa cewa aikinsa ne, makiyayi ba ya jin kuskure a gaban bagadi ya yi shiru, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ba ita ta tashe shi ba. Tafin ne ya tashe shi. Ya karɓi makirfo daga hannun matar ba tare da ya dubi fuskarta ba, ya jira aka yi tsit, ya yi magana a hankali, da muryar aji.

"Jama'ar Allah, dukanmu muna ƙaunar Brada. Amma dole in gyara wani abu. Brada ba firist ba ne. Abin da aka faɗa masa a ɗakin gyara hira ce, ba tuba ba ce. Bai da ikon wanke kowa, kuma bai wanke kowa ba. Duk zunubin da aka kai can yana nan a wuyan mai shi. Mai son gafara ya san rana, ya san wuri. Asabar, ƙarfe huɗu."

Ya ajiye makirfo, lasifika ta yi 'yar ƙara ta yi shiru. Katikis ya tsura wa takalminsa ido. Matar direba tana nan tsaye inda take, hannuwanta a haɗe kamar har yanzu tana riƙe da abin, sai da wata ta taso ta kama ta ta kai ta benci. Mawaƙa suka ja waƙar rufewa kamar ana jan su da igiya, aka watse ba a tsaya gaishe-gaishe a ƙofa ba.

Satin nan Fada ya yi shi yana shari'a da kansa, kuma kullum shi ke cin shari'ar. Ya ɗauko littafin koyarwa ya buɗe shafin, ga shi nan baƙi a kan fari, firist ne kaɗai ke da ikon. To, ƙarya ya yi? Bai yi ba. Da ya bar su cikin duhu fa, wa Allah zai tambaya? Shi. Ya rufe littafin ransa fes, bayan awa ɗaya ya sake buɗewa. Ranar Juma'a wata ce daban ta zo shara, bai tambayi dalili ba.

Asabar da huɗu saura kwata ya fito daga gida da gyalensa a hannu, ya tsaya cak. Layi ne tun daga ƙofar coci, ya bi jikin bango, ya zagaya bayan tankin ruwa, ya kai har bakin get. Maza da mata, da masu kayan aiki a jiki, da waɗanda rabonsa da ganinsu a ɗakin tuba tun zuwansa. Bencin ɗakin gyara kuwa wayam, sai wata kaza a ƙarƙashi. Abin da ya ji ba shi da kyaun faɗi, amma daɗi ne, daɗi har cikin ƙashi. Shekara shida yana jiran wannan layi. Ya wuce su da sauri kansa a ƙasa don kada a ga fuskarsa, ya shiga akwati, ya sumbaci gyalen ya rataya, ya ja murfin raga.

Ka'ida ita ce firist bai san mai magana ba. Amma wa zai yi shekara shida da Katikis bai san tarinsa ba? Katikis ya durƙusa, ya nemi albarka, ya ce rabonsa da tuba wata takwas, sannan ya ce tun ranar Lahadi yake zagin wani firist a zuciyarsa, safe da yamma, har a cikin addu'a. Fada ya tambaya, kamar yadda aka koya masa, ko akwai wani abin kuma. Katikis ya ce babu, wannan ne ya hana shi sukuni. Fada ya ba shi addu'o'in da zai yi, ya ɗaga hannu ya gafarta masa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ta biyu shugabar mata ce. Ta yi gulmar wani bawan Allah mai farar riga a gidaje bakwai, kuma ta yi masa fatan a ɗauke shi a kai shi inda ba ruwa ba wuta. Na uku mai walda ne, ya ce ya raya a ransa ya tare wani firist a hanya, bai yi ba, amma ya ji daɗin rayawar. Haka aka yi ta yi. Ba su haɗa baki ba, da sun haɗa baki da ya gane, da ya samu abin jin haushi. Da gaske suke. Mutane ne masu tsoron Allah da aka gaya musu zunubinsu yana wuyansu, suka duba wuyan, wanda suka tarar a sama shi suka kawo. Ba wanda ya kama suna, kowa "wani firist" yake cewa, saboda ladabi. Ba wanda ya kawo masa maganar ɗan da ya bar gida, ko auren da ke rawa, ko tsoron sakamakon asibiti, irin abin da ake kaiwa can. Shi nasa rabon ke nan.

Kuma ba halin ya kare kansa. A cikin akwatin nan ba shi da bakin cewa ai gaskiya na faɗa, ba shi da ikon fita ya nuna ya ji, har ya mutu ba zai iya gaya wa kowa ba. Aikinsa ya saurara, ya ba da shawara a kan yafiya, ya ɗaga hannu. Ya ɗaga har kafaɗarsa ta yi tsami. Tun yana ƙirgawa har ya bari a wajen arba'in. Rigarsa ta jiƙe ta manne da katako, ƙarfe shida ta wuce, hasken taga ya fara ja.

Sai ya ji an durƙusa a hankali, da 'yar ƙarar gwiwa da nishin mai ciwon ƙafa. Ba ta nemi albarka ba. Ya ji motsin takarda.

"Fada, ba nawa na kawo ba. Na maigidana ne."

Matar direba ce. Ta ce kwana shida ba ta runtsa ba. Ta zauna ta tuna duk abin da ta sani, shekara talatin da ɗaya tana tare da mutumin, ba abin da ya ɓoyu mata sosai, ta sa jikarta ta rubuta wanda za a iya gaya wa yarinya, sauran ta riƙe a ka. Akwai giya, akwai mata a garuruwan hanya, akwai marin da ya taɓa yi mata da tana da ciki, akwai wani mai keke da ya buge a shekarun baya bai tsaya ba. Ta ce tunda Fada ne mai iko, ga su ta kawo, ita za ta faɗa a madadinsa, in akwai horo a ɗora mata, ita za ta yi ko azumin shekara ne.

"Mama," in ji Fada, "ba a yi wa wani. Kuma ba a yi wa wanda ya riga ya tafi."

"To ikon naku na mene ne?"

Ba da rashin kunya ta tambaya ba, so take ta sani. Fada ya nemi amsa a duk shekarunsa tara na karatu, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne tambayar da ya ƙi yi shekara shida. Ya ce mata, ranar nan da maigidanta ya dawo, ya faɗi abin da Brada ya ce masa?

Ta ce ya faɗa mana. Brada bai ce masa an yafe ba. Cewa ya yi shi mai gyaran waya ne, ya ji duka, amma wanki sai wurin Fada, ya daure ya je ranar Asabar, Fada mutum ne mai adalci, ba zai kunyata shi ba. Ta ce ai haka yake gaya wa kowa, mutane ne in sun sauke a can sai su ji sun huta, su ƙi ƙarasowa. Amma maigidanta ya yi niyya. Har ya sa ta goge masa farar rigarsa, ya ce wa yaron motarsa ba lodi ranar Asabar. Alhamis ta riga Asabar zuwa, shi ke nan. Rigar ma da ita aka binne shi.

Fada ya dafe goshi da hannun da ya gaji da ɗagawa. Wannan ma yana cikin littafin. Yana bayan shafin da ya yi sati yana buɗewa, kuma ya san da shi sarai tun yana ɗalibi. Ya matso da bakinsa jikin raga.

"Mama, ki saurare ni. Wanda ya tuba da zuciya ɗaya, ya ƙudura zuwa, mutuwa ta tare shi a hanya, Allah ya karɓa. Ba lallashinki nake yi ba, koyarwar coci ce. Maigidanki bai tafi da kayansa ba. Ki je ki yi barci."

Ya jira ya ji kuka, ko godiya, ko ajiyar zuciya. Sai ƙarar takarda da ake ninkewa, sau ɗaya, sau biyu.

"Fada, ranar Lahadi da lasifika kuka faɗa, har na bakin titi sun ji. 'Ya'yansa suna wurin. Yau kuma kuna faɗa mini da raɗa a cikin akwati. Wanne zan kai musu?"

Ta dafa katako ta miƙe da ƙyar, ya ji takunta tana jan ƙafa har ta fita.

Gobe Lahadi, lasifikar tana nan ba a kwance ta ba. Ya san abin da zai tashi ya faɗa, kalma bayan kalma, kuma ya san zai faɗa, domin bai lalace har can ba. Zai ce ya yi kuskure. Zai ce direba ya samu rahama. Zai ce duk shekarun nan Brada wurinsa yake turo su, yana yabonsa a bayan idonsa. Ya riga ya ji irin tafin da za a yi, ya kuma san ba shi za a yi wa ba. Tsohon zai ƙara tsawo a idon jama'a, da bakin Fada, a kan bagadin Fada. Ga matar da ya hana barci kwana shida, ga mamacin da ya tozarta a gaban 'ya'yansa, amma da ya laluba zuciyarsa don ya ga wanne ya fi yi masa ciwo, tafin nan na gobe ya tarar.

Wani ya durƙusa a bayan raga, ya yi gyaran murya, ya ce Fada ya sa masa albarka gama ya yi zunubi. Fada ya goge fuska da gefen gyalen ya ce yana ji.